Noti Biyun Da Ka Liƙa Da Walda

Rano, Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, da idonka biyu da yatsunka goma, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Gaisuwar ke nan, ba zan ja ta ba, don ba labarin gida ne ya sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Jiya sau uku ina kiranka a waya. Na farko ka ce kana ƙarƙashin mota, na biyu ka ce ba ka ji na sosai, na uku ba ka ɗauka ba. To, takarda ba a katse ta. Na ba direban da zai kawo maka ita amanar ya danƙa ta a hannunka, ya tsaya har ya ga ka buɗe.

Ga abin da na sani. Ranar Asabar ina Fassi wajen ta'aziyya aka kawo gingimarin Alhaji Mamuda garejinmu, tayar baya ta hagu ta sace, notuna sun ƙi kwancewa. Kai kaɗai ne a wurin. Kafin la'asar ka sauke tayar, ka yi faci, ka mayar. Alhaji ya ga saurin hannunka, ya ce irinka yake nema a garejin motocinsa na Kano, Lahadi da safe ka bi motar kuka tafi. Na dawo na tarar ana yi mini barka, ni kuma ina ta washe baki ina cewa ai tarbiyya ce. Mahaifiyarka har waina ta toya ta raba wa maƙwabta.

Jiya da safe Iliya mai walda ya leƙo daga rumfarsa da kofin shayi a hannu, ya ce mini:

"Malam Usaini, ɗan nan naka akwai dabara. Ƙusa biyu suka karye masa a motar Alhaji, ya ce in ɗiga masa wuta a gindin notunan su zauna. Wallahi in ka gani sai ka rantse lafiyarsu ƙalau."

Yabonka yake yi, bawan Allah, bai san abin da ya jefa mini a ciki ba. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na buɗe akwatin da muke ajiye sababbin ƙusoshi, na tarar ba a taɓa shi ba. Wato ka murɗe ƙusa biyu daga cikin waɗanda ke riƙe da taya har suka karye, ka ɗauki guntayen da notunansu a kai, ka mayar da su ramukansu, aka liƙe su a jikin wili don ido ya ga takwas. Shida ne ke riƙe da tayar, biyun ado ne. Kuma da bakinka ka gaya wa mahaifiyarka cewa jibi Alhamis motar za ta yi lodin masara ta nufi kudu.

Abin da nake so ka yi guda ɗaya ne. Ka je wurin Alhaji kafin a ɗora buhu ko ɗaya, ka ce masa ka karya ƙusa biyu ka ɓoye, a sauke tayar a sake duka takwas ɗin. Na san abin da hakan zai iya jawo maka. Kwana biyu da fara aiki, mai yiwuwa ya ce ka tattara naka ya naka ka koma inda ka fito, a sami abin yi da kai a tashar Rano. Na auna wannan duka, kuma ban sake magana ba.

Kada ka ɗauka waliyyi ne ke yi maka wa'azi. Shekara talatin da ɗoriya ina kwance taya, babu wautar da ka yi ranar Asabar da ban riga ka yi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne na ɗauka tabon da ke jikina ya ishe ka karatu.

Ina da shekara goma sha tara, ina koyon aiki a hannun marigayi Malam Tanko a bakin tasha, aka kawo wata mota daga Kibiya da lodin gyaɗa. Tayar hagu ce, kamar taka. Malam ya tafi masallaci, ni kuwa na ga ranar nuna kaina ta zo. Na kafa sifana, na zura mata dogon fayif, na danna. Notin bai motsa ba. Na hau kan fayif ɗin da ƙafa biyu ina tsalle, ko gezau. Na kira 'yan dako biyu suka hau tare da ni, masu zaman teburin shayi suna taya mu da baki. A tsalle na huɗu muka ji ƙas, muka zube mu uku a ƙasa, bakina ya daki wili. Haƙorin nan nawa na gaba da kuke tsokanata da shi kuna yara, a wurin na bar rabinsa.

Malam Tanko ya dawo da carbi a hannu. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tofa yawu a kan ƙusar da ke kusa da wadda na karya, ya goge lakar da babban yatsa, ya kamo yatsana ya ɗora a kai.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Kamar an zana wani abu."

Ya ce, "Alamar hagu ce. Irin waɗannan motoci, notin ɓangaren hagu ta dama ake kwance shi. Tun da ka kafa sifanar nan ɗaurewa kake yi, har ka gayyato jama'a su taya ka. Ƙarfe ba ya taurin kai, Usaini, sai dai mai riƙe da shi."

Gingimarin Alhaji Mamuda irinsu ce, tsohuwar yayi. Na kwance tayoyinta ya fi a ƙirga, kana tsaye kana kallo. Ban ga aikinka na ranar Asabar ba, amma zan iya dafa Alƙur'ani cewa ba ka goge kan ƙusar ba. Alhaji yana zaune a benci, kana so ya ga ƙwanji, ka hau fayif ka yi ta ɗaure abin da ka zo kwancewa. Sai da biyu suka karye sannan hankalinka ya dawo daga yawo. Sauran shidan ma ai ka gwada su kafin ka farga, ka ja su sun miƙe, ƙarfinsu ya ragu. Shi ya sa na ce duka takwas, ban ce biyu ba.

Noti in ya kafe lallashi yake so. Ka kankare laka da tsatsa da burushin waya, ka dubi zaren da idonka ka ga inda ya nufa. Ka zuba man birki ko kananzir, ka tafi ka yi salla, ka ci abinci, ka bar shi ya sha. In ka dawo ka tokare gefe ɗaya na notin da guduma, ka daddaki ɗaya gefen da wata, tsatsar ta farfashe. Ka sa gungume a ƙarƙashin wuyan sifanar kada ta karkace, ka danna fayif a hankali da nauyin jikinka, ba da tsalle ba. In duk ya ƙi, ka tsaga notin da kurfi ka yar da shi. Noti abin yarwa ne, ƙusar ake tattali. Duk wannan ka ji shi har ya gundure ka, kakan ce, "Baba, ai na haddace." Haddar da ba ta zo maka ranar da ake kallonka ba, ni ban san amfaninta ba.

Sai maganar wuta.

Wata shekara, na riga na buɗe garejina, na yi aure, ina jin kaina. Wani ɗan kasuwa ya zo da mota cike da kwandunan tumatir, ana tsakiyar zafi. Tayar ciki ce ta sace, ka kuwa san sai an cire ta waje ake kai gare ta, ta wajen kuma cike take tam da iska. Notuna sun yi tsatsa. Na zuba man birki na ce a ɗan jira. Mutumin nan ya tsaya a kaina, yana duba agogo, yana tsaki, ruwan tumatir yana ɗiga daga bayan mota.

Ya ce, "Malam, tumatir ba ya jiran man birki. In ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemi wani."

"In ba za ka iya ba" ɗin nan ita ta kashe ni. Na aika aka kawo wutar gas, na gasa notunan har suka yi jajur, suka fito kamar ba su ne suka ƙi ba. Na mirgino tayar na jingine ta da bango, na dube shi don ya san wanda ya raina. Na tsuguna a gefenta zan sha ruwa. An kashe wutar tun tuni, har an naɗe tiyon. Ban ji ƙarar ba ma, a asibiti aka ba ni labarinta. Zafin ya bi wili ya shiga ciki, ya ci gaba da dafa robar a hankali, har tayar ta tashi da kwanon rumfata da kunnena na hagu. Mai tumatir kuwa ya sa an gyara masa motarsa a wani wuri, ya kai kayansa kasuwa, ko leƙowa bai yi ba. Har yau in mahaifiyarka ta yi mini magana ban amsa ba, cewa take da gangan nake juya mata mataccen kunnen. Wani lokacin gaskiyarta ne, amma kunnen dai ya tafi.

Yanzu ka gaya mini, Injiniya Nafi'u, da ka sa Iliya ya ɗiga walda a jikin wilin nan, ka sace iskar tayar? Na tambaye shi, ya ce a'a, ai an riga an ɗaura ta, ɗigo biyu ne kawai. Wato kana tsugune a gabanta, fuskarka daidai da ita, kana riƙe masa guntun ƙusa da filaya. Da Allah bai rufa asiri ba, da ba waina aka raba a gidanmu ba, da zaman makoki ake yi. Shi ma Iliyan na wanke shi tas, da gemunsa da komai, ya tafi ya bar kofinsa a kan bencina. Wuta da taya mai iska ba sa haɗuwa, ko ɗigo ɗaya, ko uban wa ke sauri.

Ka kuma san wannan game da masu mota, tunda yanzu a ƙarƙashinsu za ka ci abinci. Saurinsu nasu ne, kada ka ɗauke shi ka ɗora a kanka. Mai kaya zai tsaya a kanka ya ce ka yi maza, ya yabe ka in ka yi, ya kira ka gwani a gaban mutane. Ranar da abin ya ɓaci, shi ne na farkon da zai ce da ma bai yarda da hannunka ba. Sauri ya haifi nawa. Ka koyi cewa, "Alhaji, sai gobe," ka faɗe ta da ladabi, kana kallon ƙasa, amma kada ka janye ta.

An ce a garejin Alhaji Mamuda akwai bindigar iska, mai ɗaure noti da kwance shi kafin ka ƙifta ido. Na san ita kake ɗoki. Ban hana ka ba, aiki ta zo sauƙaƙawa. Amma rabin notunan da suke cin ranmu a Rano, yaran Kano ne suka ɗaure su da ita, suka danne ta tana ta kuka har zaren ya cinye kansa. Su sun huta, wani ne zai sha wuya a bakin hanya, rana tana dukansa, ba inuwa ba ruwa. Ka fara hawar da kowane noti da yatsunka, ka ƙarasa da sifana, hannunka ya ji inda ya tsaya.

Na san abin da kake faɗa a ranka yanzu, don ni na haife ka. Kana cewa shida ma sun isa, motoci nawa ke yawo da noti shida. Kana cewa za ka lallaɓa ka sauya su ba wanda ya sani. Da me? Sauya ƙusa sai an zare gangar birki, aikin wuni ne, a tsakiyar garejin mutane, da kayan da sai ka roƙa a ba ka. Sai kuma ka ce to bari ta je ta dawo, tafiya ɗaya ce. Wannan ta ƙarshen ita nake tsoro, don na taɓa faɗar ta da bakina.

Abin da zan rubuta yanzu mahaifiyarka ba ta san shi ba. In ka karanta, ya rage naka ka dube ni yadda ka ga dama.

Shekara ashirin da huɗu ke nan, da kaka. Ka san Sabo, dattijon nan mai adaidaita a tashar Rano, wanda kake durƙusawa ka gaisar. A lokacin babban direba ne, ana rububinsa, don bai taɓa ko taka akuya ba. Ya kawo mini motar maigidansa in sauya tayar baya. Wannan karon ban juya noti a baibai ba, ban sa wuta ba, na bi duk ƙa'idar da na lissafa maka. Ƙusoshin ne tsatsa ta riga ta cinye, biyu suka gutsure a hannuna. Ba laifina ba ne, kuma da na faɗa a lokacin ba wanda zai ce laifina ne. Amma babu irinsu a Rano ranar, sai an je Kano, mai motar kuwa ya yi mini alkawarin in na burge shi duk motocinsa ni zan riƙa gyarawa. Sabo ya tafi cin abinci. Na dubi hagu na dubi dama, na ja injin walda da hannuna, na liƙe guntayen, na shafa musu baƙin mai don kada sabon ɗigon ya nuna. Na ce a raina tafiya ɗaya ce, in ta dawo na sauya.

Sabo ya dawo ya zagaya motar yana dukan tayoyi da ƙarfe, kamar yadda ya saba. Ya ce, "An gama, Usaini?"

Na ce, "An gama. Allah ya kiyaye hanya."

Washegari ta yi lodin dawa ta kama hanyar Rurum. Kusa da Rurum Sabon Gari sauran ƙusoshin suka bi 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, tayoyin biyu suka fice. Motar ta durƙusa ta ja ƙasa ta tsaya, Sabo ko ƙwarzane bai yi ba. Taya ɗaya ta faɗa kwalbati. Ɗayar ta ci gaba da gudu ita kaɗai, ta tsallake rami ta shiga gonar da ke bakin titi. Akwai wani manomi a ciki, Malam Garba, yana yankan dawa, ya ba titi baya. Ta same shi a ƙugu.

Aka ce direba ne ke gudu, aka ce ba ya duba tayarsa. Maigidan ya karɓe makullinsa a gaban jama'a, daga ranar ba wanda ya sake ba Sabo babbar mota. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Aka ce ƙaddara ce, na fi kowa ɗaga murya wajen cewa ƙaddara ce. Mai motar ya cika alkawari, ya turo mini motocinsa, da aikinsu na yi rumfar kwanon da ka girma a cikinta.

Bayan wata ɗaya na kasa zama, na sayi lemo da sukari na tafi Rurum Sabon Gari, na tambayi gidan Malam Garba. Na same shi kwance a zaure a kan tabarma, maɗori ya yi iyakar yinsa ya haƙura, ƙafafun ba sa ji. Mutum ne fari siriri, mai fara'a. Ya ce daga ina, na ce daga Rano, labari na ji na zo dubiya.

Ya ce, "Ka ga ikon Allah. Ba ka san ni ba, ban san ka ba, ka tako har nan. Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka."

Na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin, na tashi na fito. Shekara shida ya yi a kan tabarmar nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Na sha wucewa ta ƙofar gidan, ban sake shiga ba. Yanzu ko na so in roƙe shi gafara, sai dai a gaban Ubangiji, inda ba a liƙa komai da walda.

Jiya da Iliya ya fita na ajiye sifana. Na zauna ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da naka, don ban ga fuskar da zan ce maka je ka faɗi gaskiya ba alhali tawa tana binne. Da aka yi la'asar na rufe gareji na tafi tasha. Sabo yana zaune a cikin adaidaitarsa yana jiran fasinja, gemu ya yi fari fat. Na shiga baya na zauna.

Ya ce, "Ina za ka, Malam Usaini?"

Na ce, "Ba inda za ni. Magana na zo da ita."

Na faɗa masa duka, ina kallon ƙeyarsa, don ba zan iya kallon idonsa ba. Bai juyo ba, bai katse ni ba har na gama.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Ni na bi titi na tsinto notunan a ranar. Biyu na ga ɗigon walda a gindinsu. Ina direba ban san walda ba?"

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, aka karɓe maka mota kana ji kana gani?"

Ya ce, "Na zo garejinka da su a aljihu, niyyata in tara maka jama'a. Na tarar ba ka nan, aka ce iyalinka na naƙuda, ta wahala, ka fita neman motar asibiti. Na ce ba yau ba. Daga baya kuma na ce bari in ga ko za ka zo da ƙafarka." Ya gyara madubinsa, a ciki ya dube ni. "Ka daɗe a hanya."

Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Nawa na yafe tun tuni. Na mai gonar ba a hannuna yake ba."

Wasu mata biyu suka zo da kaya za su kasuwa, ya ce in sauka in ba tafiya zan yi ba. Na sauka, ya ja abinsa ya tafi.

Naƙudar nan kai aka haifa, Nafi'u. Mutumin da na raba da sana'arsa ya haɗiye maganarsa saboda kai, tun ba ka buɗe ido ba. Shi ne za ka girma ka ɗauki guntun ƙusa ka liƙa a motar mutane, ka karɓi yabo, ka hau ka tafi Kano kana ɗaga wa abokanka hannu. Wallahi ban yarda ba. Ban yarda in ga abin nan sau biyu a gidana ba.

Saboda haka ka saurara. Gobe Laraba, in aka sallame azahar ban ji muryarka ka ce mini ka faɗa wa Alhaji ba, zan hau mota in zo da kayan aikina. Zan sauke tayar nan a gabansa da gaban ma'aikatansa, in ɓalle notunan biyu da guduma in ɗora masa a tafin hannu, in ce ɗana ne ya yi, kuma a wurina ya gada. Ka san ba na faɗin abin da ba zan yi ba. Amma ba haka nake so ba. So nake ka je da ƙafarka, tun kana da kwana uku a hanya, ba shekara ashirin da huɗu ba.

In ya riƙe ka bayan ka faɗa, ka sami ubangida na gari, ka riƙe shi da kyau. In ya kore ka, ka hau mota ka dawo gida da rana tsaka, kada ka raɓe. Ni zan tare ka a tasha, in ɗauki jakarka da hannuna, duk mai dariya ya fara da ni.

Allah ya shirye ka, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa a shekarunka. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare hannunka da idonka, ya tsare direban da zai ja motar nan ranar Alhamis ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya. Ya tsare bawansa da ke bakin hanya yana aikin gonarsa, ya ba titi baya, bai san da ku ba. Amin.

Wayata tana aljihuna, na juya mata kunnen da ke ji.

Mahaifinka,
Usaini.